Bugu ya daidaita amma haɗin waƙoƙin bai yi daɗi ba: ina matsalar take?

Mai Koyo:
Assalamu alaikum. Ina koyon aikin DJ da manhajar rekordbox, kuma akwai abin da ya ɗaure mini kai. Idan na danna maɓallin da ke daidaita saurin waƙoƙi biyu, bugun gangunansu yakan sauka tare, amma da zarar na shigo da ta biyu a kan ta farko sai sautin ya dagule. Shin rashin koyon daidaita bugu da kunne ne ya jawo haka? Sannan ina da niyyar fara yin rimis, wato sake wa waƙar da aka riga aka fitar fasali, ko da abin da ya kamata in sani tun yanzu?

Tsohon Hannu:
Wa alaikumus salam, ƙanena. Ina kyautata zaton matsalarka ta ƙirga ce, ba ta sauri ba. Kiɗan rawa irin su haus da tekno ana gina shi ne a kan bugu huɗu-huɗu, kuma galibi sai an cika gaɓa 8, wato bugu 32, sannan wani sabon abu yake faruwa, ko murya ta shigo, ko ganga ta ɗauke. Idan ka saki waƙa ta biyu a tsakiyar wannan zagaye, canje-canjen waƙoƙin biyu za su riƙa saɓa wa juna ko da bugunsu ya hau daidai, kuma masu rawa za su ji hakan a jikinsu tun kafin su gane dalilinsa. Ka jira bugun farko na sabon zagaye, sannan ka saki. Saboda wannan aikin ne ma ake barin doguwar shimfiɗar ganga a farkon waƙa da ƙarshenta, abin da ya bazu a New York cikin shekarun 1970, lokacin da mai haɗa sauti Tom Moulton ya yi suna wajen tsawaita waƙoƙin disko, faifai mai inci 12 kuma ya samu karɓuwa.

Duk da haka ina ba ka shawarar ka horar da kunnenka. Manhaja takan yi kuskure wajen gane bugu, musamman a tsofaffin waƙoƙin da mutum ne ya kaɗa gangar da hannunsa, domin saurinsa yana ɗan hawa yana sauka.

Uwar Sauti:
Na yarda da Yaya a kan ƙirga, sai dai ba na ganin amfani da maɓallin nan aibi ne, muddin mutum ya san lokacin da manhajar ta yi kuskure. Dagulewar da ka bayyana ta fi yi mini kama da karon sautin ƙasa mai kauri, wato bes. Bes biyu ba sa zama wuri guda: ka rage na waƙar da ke shigowa gaba ɗaya, idan an kai farkon zagaye sai ka musanya su, ka ɗaga sabon ka sauke tsohon. Haka kuma kada ka bari muryoyin mawaƙa biyu su hau kan juna.

Akwai kuma batun matakin muryar da aka ɗora kowace waƙa a kai. Tsarin Camelot ya sauƙaƙa wannan da lambobi daga 1 zuwa 12 da haruffan A da B, ta yadda 8A za ta zauna lafiya da 7A, 9A ko 8B. Ka lura cewa ƙara sauri da kimanin kashi 6 cikin 100 yana ɗaga muryar waƙa da rabin mataki, sai fa idan ka kunna abin da ke riƙe murya a inda take.

Mai Situdiyo:
Bari in taɓa tambayarka ta biyu, tunda ba a amsa ta ba. Rimis aiki ne daban da haɗa waƙoƙi a gaban jama'a, domin a nan rushe waƙar ake yi a sake gina ta, kamar yadda injiniyan sauti King Tubby ya riƙa yi a Jamaika, yana cire murya yana barin ganga da bes tare da amsa-kuwwa. Idan aikin na izini ne, masu waƙar za su ba ka sassanta a rarrabe, murya daban, ganga daban, sai ka shigar da su manhaja irin Ableton Live ka zaɓi abin da za ka riƙe. Shawarata ita ce ka riƙe abu ɗaya da kowa zai gane waƙar da shi, ka zubar da sauran ba tare da tausayi ba, domin rimis ɗin da aka ƙara wa ganga kawai ba ya jan hankalin kowa.

Amma ka sani cewa haƙƙin mallaka kashi biyu ne, na wanda ya tsara waƙar da na wanda ya mallaki sautin da aka naɗa. Idan babu izininsu, dandali irin SoundCloud ko YouTube yana iya sauke aikinka.

Mai Koyo:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Zan fara da ƙirga bugu 32 da musanya bes. Yaya Mai Situdiyo, idan ban samu sassan waƙar daga hannun masu ita ba, shin manhajojin da ke raba murya da kiɗa suna fitar da sauti mai tsabtar da zai isa a yi gwaji da shi?