Ɗan tsakon nan ya ɗaure min kai, wa ya haife shi?

Maman Hanifa: Assalamu alaikum 'yan uwa masu kiwo. Ina da wani ɗan tsako mai sati 9 da na rasa gane jinsinsa, balle iyayensa. Jikinsa ratsin fari da baƙi ne, ƙafafunsa na da gashi amma tsilli-tsilli, zankonsa kuma gajere ne a kwance, kamar layi uku a jere. Kazar da ta yi kwancinsa baƙa ce, irin wadda wuyanta babu gashi, shi kuwa wuyansa cike yake. Zakara ɗaya gare ni, Brahma fari mai baƙin wuya. A cikin matan akwai Brahma ɗaya, da mai ratsi ɗaya da aka ce min Plymouth Rock ce, sai jajaye uku da ita baƙar. Maigidana ya dage ɗan baƙar ne tunda ita ta ƙyanƙyashe shi. Ni dai ban gamsu ba. Don Allah a haska min.

Abban Khalil: Wa alaikumus salam. Ki ce wa maigida wadda ta yi kwanci daban, wadda ta yi ƙwai daban. Kaji suna son sakin ƙwai inda suka ga wani ƙwan, kuma mai kwanci ba ta tantancewa, duk abin da ta samu a ƙarƙashinta za ta kwanta a kansa ta kira shi nata. Har na agwagwa ana sa mata.

Malam Sabo: Hajiya, kin kyauta da kika kawo siffofin dalla-dalla, don su ne za su yi mana aiki. Siffofi uku kika ambata: ratsi, gashin ƙafa, da kwantaccen zanko. Dukansu masu rinjaye ne a gado, wato ba sa ɓuya a jikin iyaye sannan su ɓullo a jikin ɗa. Idan ɗa yana da su, dole a gan su a jikin uwa ko uba. Gashin ƙafa da wannan zankon na Brahma ne. Ratsin kuwa na Plymouth Rock ne. Da Brahma biyun ne suka haɗu, ba za a ga ratsi ba. Da baƙar ce da zakaranki, nan ma babu inda ratsi zai fito. Saura mai ratsin da zakaran Brahma, kuma gashin ƙafa tsilli-tsilli haka yake fitowa idan ɗaya daga cikin iyayen ne kawai ke da shi.

To ga abin da zai ba ki mamaki: idan lissafin nan daidai ne, ɗan tsakonki namiji ne. Ratsi yana tafiya ne a kan ƙwayar gadon da ke raba namiji da mace. A kaji uwa ba ta ba 'yarta wannan ƙwayar, ɗanta namiji kaɗai take ba. Shi ya sa idan aka haɗa kaza mai ratsi da zakara marar ratsi, mazan ne ke fitowa da ratsi, matan su fito babu. Masu manyan gonaki ma da wannan dabarar suke raba maza da mata tun ranar ƙyanƙyasa, ta farin ɗigon da ke tsakiyar kan mazan.

Maman Hanifa: Ikon Allah! Farin ɗigon yana nan kuwa lokacin da ya fito, na tuna. Amma Malam, ni a idona mace ce. Zankon ko ja bai yi ba, kuma ba ta faɗa da sauran. Af, na manta ban faɗa ba, a da ina da zakara mai ratsi, ɗan uwan ita Plymouth Rock ɗin, na bayar da shi saboda faɗansu da Brahma ya yi yawa. Amma an kai kwana 10 da tafiyarsa kafin a tara ƙwan, don haka ban sa shi a lissafi ba.

Malam Sabo: Ai kuwa sai ki sa shi! Wannan maganar ta sauya komai. Kaza tana ajiye maniyyin zakara a wasu 'yan jakunkuna a cikin hanyar ƙwai, tana ta yin ƙwai mai rai har kimanin sati 2 bayan barbara, wani lokaci ma ta kai sati 3. Kwana 10 yana ciki sosai. Yanzu hanya ta zama biyu: ko zakaran Brahma da kaza mai ratsi, ko kuma wancan zakaran mai ratsi da kazarki Brahma. Duka biyun za su iya ba da kamannin da kika bayyana. Bambancin ɗaya ne: zakara mai ratsi yana ba 'ya'yansa maza da mata ratsin, farin ɗigon ma duka suna fitowa da shi. Idan ta tabbata mace ce, ubanta wanda kika bayar ne, uwarta Brahma, babu musu. Idan namiji ne, to sai dai a ce ruwa biyu ne na Brahma da Plymouth Rock, amma wane ne uban, ido ba zai raba miki ba.

Ummu Sadiq: Ki tuna ƙwan da ya fito ciki. In mai tsini ne namiji, in mai zagaye ne mace.

Abban Khalil: Anti ki yi haƙuri, wannan ba ta da tushe. Siffar ƙwai ta kazar da ta yi shi ce, kowace da irin nata. Ina da wadda duk ƙwanta masu tsini ne, kuma maza da mata take ba ni. Launin ƙwan ne zai iya taimakawa da a ce iyayen sun bambanta, to Brahma da Plymouth Rock duka ruwan ƙasa suke yi.

Hajiya Binta: Ni gargaɗina a kan zankon ne. Kada rashin jansa ya ruɗe ki. Jinin Brahma yana da nawar girma, na sha kiran wani "yarinya" har wata huɗu, sai ga shi ya miƙe wuya ya yi cara. Kuma irin kwantaccen zankon nan ba ya saurin nuna kansa kamar mai tsaye. Ki bari ya kai sati 13 zuwa 16, ki ɗaga shi ki duba gashin bayansa daf da wutsiya, da na wuya. Na namiji siriri ne mai tsini, yana ƙyalli, yana zubowa gefe. Na mace mai faɗi ne, bakinsa a zagaye. Ki haɗa da kaurin ƙafa, ki gwada da tsaransa. Akwai gwajin gashi da ake yi a ɗakin bincike don gane jinsi, amma kan ɗan tsako ɗaya ba na ganin ya kai a wahala, sati huɗu zuwa bakwai ne fa ya rage.

Malam Sabo: Gaskiyar Hajiya ce. Kuma nan gaba in kina son sanin 'ya'yan wa kike ƙyanƙyasa, ki ware kazar daga kowane zakara sati 3 zuwa wata guda kafin ki haɗa ta da wanda kike so, ki sa wa ƙwanta alama da fensir, ki riƙa cire baƙin ƙwai daga ƙarƙashin mai kwanci.

Maman Hanifa: 'Yan uwa na dawo. Yau sati 17 cif. Na duba yadda Hajiya ta ce, gashin bayan duk a zagaye yake, babu mai tsini ko ɗaya, ƙafar siririya, kuma sa'anta namiji har ya fara gwada cara ita shiru. Mace ce, kenan 'yar wancan zakaran ce da kazata Brahma. Maigida ya ce shi dai har yanzu baƙar ce uwarta, tunda ita ta sha wahalar reno. Na kira wanda na ba zakaran in gaya masa, sai ya ce in ina so in zo in ɗauki abina, can ma ya addabi kowa da faɗa.