Neman shawara: aikin waya ta cinya ko buɗe ƙirji?

Baban Ilham: Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah a taimaka min da shawara, kwana uku ke nan barci ya gagare ni. Uwargidana ce, shekarunta 39, yaranmu biyar. Tun bayan haihuwar autarmu take kukan faɗuwar gaba, zuciyarta ta yi ta lugude ko tana zaune, taku kaɗan sai haki. Mahaifiyarta ta ce iska ce. Aka yi rubutu, aka yi hayaƙi, har ƙauyensu aka kai ta wata biyu ba da son raina ba. A kan wannan muka yi sa-in-sa da yayanta, har ya ce ƙyashin kuɗin magani nake, alhali ni na biya kuɗin mota zuwa da dawowa, ragon sadakar ma ni na saya. Har yau gaisuwarmu sama-sama ce. Daga baya aka yi ECG, wato gwajin bugun zuciya, likita ya ce AF ce, wai ɗakunan sama na zuciya ba sa matsa jini yadda ya kamata, karkarwa kawai suke. Aka ɗora ta a kan warfarin, maganin tsinka jini, da wani na rage gudun zuciya.

Yanzu wani wakilin asibiti a Indiya ya ce za a yi mata abileshan, wato a ƙone inda ke rikita bugun, ta siririyar waya, ba yanka, mako guda mu dawo. Na sayar da filina na gado, na tura kafin alƙalami. Sai ga likitanta na nan yana cewa aikin buɗe ƙirji ne ya dace da ita. Wanda ya san abin nan ya faɗa min gaskiya.

Alhajin Kwari: Wa alaikumus salam. Malam, ka kwantar da hankalinka, ka zo wurin da ya dace. Ni aka yi wa wannan aikin a Alƙahira a 2022. Ta jijiyar matsematsi suke zura siririyar waya har cikin zuciya, su huda bangon tsakiya su shiga ɗakin sama na hagu. Akwai jijiyoyi huɗu masu kawo jini daga huhu, daga bakinsu tartsatsin da ke rikita bugun yake tasowa. Sai su ƙone kewayen bakin, ko su daskarar da shi da sanyi, tabon ya zama katanga. Likitocin Bodo ta Faransa ne suka gano haka a 1998, ba sabon abu ba ne. Na kwanta awa shida ban lanƙwasa ƙafa ba, washegari ina yawo a baranda. Wa zai bar wannan ya je a tsaga masa ƙashin ƙirji kamar ragon layya? Ka kama matarka ku tafi.

Maman Sadiq: Allah ya ba ta lafiya. Amma wakilan nan ka yi hattara da su. Mu da muka kai Baba, kuɗin da aka faɗa mana a waya daban, wanda muka tarar daban. Masauki ma sai da muka canza sau biyu, tafintan kuma ya ɓace ranar da aka fi buƙatarsa. Ƙanena har agogonsa ya sayar.

Anti Nas: Baban Ilham, ka ba mu labarin rago amma ba ka faɗi abin da eko, wato hoton zuciya, ya nuna ba. Mace 'yar shekara 39 da AF, kuma aka zaɓa mata warfarin, likita kuma yana maganar buɗe ƙirji. Bawul ɗin zuciyarta, wato ƙofar da jini ke bi, lafiya yake?

Baban Ilham: Anti, an ce bawul ɗaya ya tsuke, mitral suka rubuta, wai daga ciwon maƙogwaro na yarinta. Amma ba shi ke damunta ba, bugun ne ke damunta.

Anti Nas: To ai nan gizo ke saƙar. Tsukewar bawul ɗin ce ta haifi bugun. Jini yana taruwa a ɗakin hagu na sama don ƙofar fitarsa ta ƙuntata, ɗakin ya buɗe ya yi girma, wutar zuciya ta rikice. Idan an ƙone bakin jijiyoyin aka bar ƙofar a tsuke, sau da yawa AF ɗin dawowa take. Shi ya sa in za a gyara ko a canza bawul, likitocin tiyata kan haɗa da aikin da ake kira Maze a zama ɗaya. James Cox ne ya fara shi a Amurka a 1987, da yanka da ɗinki, yanzu kuma da zafi ko sanyi ake ja layukan. A lokacin sukan rufe 'yar aljihun nan ta ɗakin hagu inda gudan jini ya fi taruwa. Akwai ma hanya ta uku: in bawul ɗin bai ƙandare ba kuma babu gudan jini, ana iya buɗe shi da balan-balan ta cinya. Wannan sai likitan da ya ga hoton ekon. Ka tura wa likitan Indiyan cikakken sakamakon, ko wakili kawai ya gani?

Alhajin Kwari: Hajiya, da girmanki, amma irin wannan tsoratarwar ce ta sa na yi shekara uku ina shan ƙwayoyi a banza. Na nan duk abin da ba su da na'urarsa sai su ce bai dace ba. Malam, in an yi aikin har warfarin ɗin za ta huta da shi.

Anti Nas: Alhaji, wannan maganar kada a ɗauke ta. Kai hawan jini ne naka, bawul ɗinka lafiya. Ko mai irin naka sai ya ci gaba da maganin tsinka jini aƙalla wata biyu bayan aiki, daga nan a duba haɗarinsa. Ita kuwa mai tsukakken bawul, warfarin shi ne katangarta da shanyewar ɓarin jiki, kuma AF tana ninka wannan haɗarin wajen sau biyar. Sababbin irin su rivaroxaban ma ba su maye gurbinsa ga masu irin ciwonta ba. Aikin wayar kuma ba wasa ba ne, akan samu jini ya taru a jakar zuciya, ko da yake ba kasafai ba.

Ɗan Malam: A haɗa mata tafarnuwa da citta da habbatus sauda a zuma, safe da yamma. Kakata da shi ta rayu.

Maman Sadiq: Ni warfarin ɗin nan ya ishe ni. Surukata kullum gwajin INR na auna tsinkewar jini, wai sai ya tsaya tsakanin 2 da 3. Ta ci kwaɗon zogale kwana uku INR ɗin ya faɗi ƙasa, aka ƙara ƙwaya, ta daina ci ya haura har dasashinta na jini. Kuma ni ce mai kai ta, 'ya'yanta mata ko leƙe.

Anti Nas: Ɗan Malam, tafarnuwa da citta masu yawa a kan warfarin suna iya jawo zubar jini. Ganye kuma ba a hana ba, a dai riƙa ci daidai wa daida kullum.

Baban Ilham: Na gode muku duka. Amma Anti ki fahimce ni, ba gaggawa na yi ba. Wakilin ya ce sun yi wa mutane da yawa. Hoton ECG na tura masa ta WhatsApp, bai nemi eko ba, da yana da muhimmanci ai da ya nema. Kuma ita da bakinta ta ce ba za a tsaga mata ƙirji ba, ƙanwar babanta a ɗakin tiyata ta rasu. In na fasa yanzu kafin alƙalamin ya tafi, yayanta kuma ya samu abin faɗa.

Alhajin Kwari: Ka yi daidai. In ma AF ɗin ta dawo sai a sake, ni ma sau biyu aka yi min, na biyun ne ya zauna. Wata ukun farko dama ba a ƙirga su, zuciya tana warkewa ne.

Maman Sadiq: Au, Alhaji, sau biyu? Ɗazu ba ka faɗa ba. Kuɗin ma sau biyu ka biya?

Anti Nas: Ka tura ekon yau, ka ce likitan da zai yi aikin da kansa ya amsa maka a rubuce. Ba zai ci maka ko kwabo ba.

Baban Ilham: Zan duba inda takardar take, ina jin tana gidan mahaifiyarta. Biza dai ta fito jiya. Alhaji, don Allah sanyi ake yi a can a wannan watan, ko kayan da take sawa a nan sun isa?