Neman kalma: "early numeracy" da "pretend play", me za a kira su da Hausa?

Mai Fassara: Assalamu alaikum malamaina. Akwai ɗan littafin jagora na malaman nazire da nake mayarwa Hausa, ranar Alhamis zan miƙa shi. Kalmomin nan biyu na sama sun tsaya mini a wuya. Littafin kaf a kan yadda za a koya wa 'yan shekara 3 zuwa 5 "early numeracy" ta hanyar "pretend play" yake, don haka ba damar zagaye su. Na ɗan sa "lissafin yara" da "wasan kwaikwayo" kafin a samu wasu, amma raina bai kwanta ba. A taimaka don Allah.

Tsohon Hedimasta: Wa alaikumus salam. "Iya ƙirga", da "wasan yara". Mene ne abin wahala?

Malamar Nazire: Baba, da girmanka, iya ƙirga ta yi kaɗan. Yaro zai rero maka ɗaya zuwa ashirin tiryan-tiryan, amma ka ce masa "miƙo mini murfin kwalba uku", sai ya dumbuzo cike da hannu. Wani kuma ya ƙirga biyar daidai, ka ce "to, nawa ne ke nan?", sai ya koma ɗaya, biyu, uku, domin bai gane cewa kalmar ƙarshe da ya faɗa ita ce yawan abin duka ba. Wasu masana tunanin ɗan Adam, Gelman da Gallistel, sun fayyace ƙa'idojin ƙirga tun 1978: kowane abu kalma ɗaya, kalmomin a jere ɗaya kullum, ta ƙarshe ita ce jimilla, komai na ƙirguwa, kuma ta ko'ina ka fara amsar ba ta sauyawa. Ban da wannan akwai wanne ya fi yawa, wanne ya fi tsawo, siffofi, da jeri. In aka rubuta "iya ƙirga", malama za ta sa su haddar lambobi ta ce ta gama manhaja.

Ɗalibin Harshe: Turawan ma ƙera kalmar "numeracy" suka yi. A wani rahoto kan ilimi, rahoton Crowther na 1959 a Ingila, ta fara bayyana, an yi ta ne ta zama takwarar kalmarsu ta iya karatu da rubutu. Mu kuwa waccan ɗin ma ba mu taɓa matsa ta cikin kalma guda ba, "iya karatu da rubutu" muke cewa, kowa ya gane. Ina ba da shawarar "sanin adadi", ko "tushen lissafi" tunda na farkon rayuwa ake nufi.

Hausa Zalla: Ga inda muke samun matsala kullum. Lissafi Larabci ne. Adadi Larabci ne. Lamba Turanci ce. Yau an ba mu dama mu haifi kalma tamu, sai mu sake zuwa aro? Ni na daɗe da ƙera SANƘIRGA, daga sani da ƙirga. Yaro mai sanƙirga, darasin sanƙirga, an sanƙirgar da shi. Ku faɗe ta sau uku ku ji yadda ta zauna a baki.

Mai Fassara: Na gode Malam. Sai dai wadda za ta karanta littafin ba ta da wanda za ta tambaya ma'anarta.

Hausa Zalla: Haka kowace kalma ta fara. Ran da aka fara cewa "jirgin sama" wa ya san shi?

Ɗalibin Harshe: Kowa ya san jirgi, kowa ya san sama, Allah ya gafarta Malam. Kuma in aron Larabci ne laifi, me za ka yi da ashirin, talatin, arba'in, hamsin, har tis'in? Za ka mayar da yara kan gomiya biyu da gomiya uku? Sifiri fa? Sannan kai da kanka "darasin sanƙirga" ka rubuta, darasi kuwa ka san gidansu.

Hausa Zalla: Gomiya biyu ta fi ashirin saukin ganewa ga yaro, goma ce sau biyu, a fili. Ku 'yan jami'a kun bar ta ta mutu a cikin ƙamusun Hausa na Bargery tun 1934 kuna tafi.

Malamar Nazire: A nan dai yana da gaskiya, gomiya biyu tana nuna ginin lambar. Amma yarana ba su kai can ba, a kan biyar muke fama.

Ɗan Rediyo: 'Yan jami'a da masu ƙera kalma duk jirgi ɗaya ne ya kwaso ku. Mu ne muke faɗin kalma sau ɗaya a iska, ba damar maimaitawa. In na ce sanƙirga a labarai, mai sauraro zai zaci sunan cuta ne.

Hausa Zalla: Ku da kuka cika harshen da "gwamnati ta ƙaddamar da kwamiti" za ku yi mana gori?

Tsohon Hedimasta: Ni dai na koyar shekaru da dama da kalmar lissafi, ban ga yaron da ta cutar ba.

Mai Fassara: Jama'a, Alhamis fa. Wasan ko za a duba mini?

Malamar Nazire: Yaya, cire "wasan kwaikwayo" tun da wuri. Malama na ganinsa za ta tuna da dandamali da haddace magana da ranar rufe zango. Abin da ake nufi shi ne wanda yara ke tsarawa da kansu, ba mai kallo. Na jera kujeru biyar na ce mota ce, fasinja shida suka taso, ɗaya ya rasa wurin zama. Ba wanda ya koya musu, su suka gano cewa mutane sun fi kujeru da ɗaya, har da gardama. Direba ya ce biyu su sauka, yaron mota ya leƙa ya ce saura uku, a hau mutum biyu. Ragi ke nan da tarawa, ba allo ba alli. Haka wasan kanti da murafun kwalba a matsayin kuɗi, haka wasan likita da ke ƙirga ƙwayoyin tsakuwa. Vygotsky, masanin Rasha, ya yi magana a kan wannan a laccarsa ta 1933, inda sanda ke zama doki a wurin yaro. A ganina wanda ya yarda sanda ta tsaya a madadin doki bai yi nisa da yarda cewa alamar 3 ta tsaya a madadin abu uku ba.

Ɗalibin Harshe: To "wasan riyawa", daga riyawa a zuci.

Tsohon Hedimasta: Za a gajarta shi ya koma "wasan riya", liman ya ji ya tashi wa'azi. A'a.

Ɗan Rediyo: Yaran kansu "na ƙarya" suke cewa. Kuɗin ƙarya, motar ƙarya. Wasan ƙarya-ƙarya.

Malamar Nazire: Gaskiya ne suna cewa haka, amma ka rubuta a littafi cewa makaranta na koyar da wasan ƙarya, ka ga iyaye a bakin ƙofa. Akwai wata da suke faɗi wadda ta fi: "a ce ni ne direba, a ce ke ce mai kanti." Da "a ce" kowane irin wasan nan yake buɗewa. Ni "wasan a-ce" nake kiransa da abokan aikina, ba wadda ta taɓa tambayata ma'anarsa.

Hausa Zalla: "A ce" ba suna ba ne, aikatau ne da wakilinsa. Maganar yara ce za a sa a littafi? SURANTAU ya kamata, daga surantawa.

Ɗalibin Harshe: A-ci-balbal fa? A-kori-kura? A-daidaita-sahu? Duk ginin nan ne. Kuma surantawa daga sura take, sura kuwa Larabci ce. Malam, ka faɗa ramin da ka haƙa.

Hausa Zalla: Wadda aka ara ta haifi 'ya'ya a gida ta zama 'yar gida.

Ɗan Rediyo: Lissafi ma ta haifi lissafa da lissafawa. Sai a ba ta ɗaki.

Mai Fassara: Allah ya saka da alheri. Ga abin da zan yi: take zai zama "Koyar da tushen lissafi ta hanyar wasan a-ce". A ciki, inda ake maganar gane yawan abu kaɗai, zan sa "sanin adadi". Karon farko da wasan a-ce ya fito zan bi shi da jimla ɗaya ta bayani da misalin motar Malama, in ta yarje mini. Siffofi da awo dai "tushen lissafi" bai nuna su sosai ba, amma lokaci ya ƙure.

Malamar Nazire: Na yarje. Ki rage fasinjan zuwa huɗu in 'yan shekara 3 ne.

Tsohon Hedimasta: Tushen lissafi na karɓa. A-ce ɗin nan har yanzu kunnena bai saba ba.

Hausa Zalla: A-ce Hausa ce tsantsa, ba zan ja ba. Lissafi dai ban yarda ba. Ki sa sanƙirga ko a ƙasan shafi ne.

Mai Fassara: Littafin ba shi da ƙasan shafi, Malam.