Intabiyu a ejansin ɗaukar ma'aikata, me zan shirya?

Ɗan Samaru:
Salam jama'a. Na gama ABU na yi bautar ƙasa, yau wata takwas ina zaune, sai jiya wata ejansi da ke samo wa kamfanoni ma'aikata suka kira ni intabiyu ranar Talata wajen unguwar PZ a Zariya. Wallahi gabana sai faɗuwa yake, me suke tambaya ne?

Yayan Tudun Wada:
Ƙanina kwantar da hankalinka. Ka tafi da CV kwafi biyu, takardar NYSC, sakamakon makaranta, NIN da hoton fasfo. Abin da mutane ba su ganewa shi ne ba wajensu za ka yi aikin ba, tura ka za su yi banki ko wani kamfani a matsayin ɗan kwantiragi, sau da yawa ma albashin ta hannunsu yake biyowa, to ka tambaya tun a nan nawa ne zai shigo hannunka, wata nawa ne kwantiragin, akwai fansho ko babu. Ni kunya ta hana ni tambaya, sai ƙarshen wata na ga abin da na gani.

Maman Biyu:
In sun ce kawo kuɗin fom ko na rajista ka kama gabanka, 'yan damfara ne. Kuma ka fito da wuri, ka san Kwangila da cunkoso da safe.

Ɗan Samaru:
Na gode Yaya, na gode Hajiya. Kaftani zan sa ko sai kwat?

Yayan Tudun Wada:
Kaftani mai guga da hula ya wadatar, amma in banki ne sa riga da wando. Ka ɗan taɓa Excel kafin ranar, suna iya zaunar da kai gaban kwamfuta.