Amino asid ashirin ɗin nan, ta ina zan kama su?

Rukayya: Assalamu alaikum 'yan zaure. Ina aji biyu a jami'a, an ce mu san amino asid 20, wato tubalan da ake gina furotin da su, da sunansu da zanensu kafin jarrabawa. In na haddace da dare, da safe sun tsere. Don Allah waɗanda suka riga mu a taimaka.

Malam Habu: Wa alaikumus salam. Ƙanwata, ajiye haddar tukuna. Dukkansu gangar jikinsu ɗaya ce: kabon a tsakiya, rukunin amino a gefe, rukunin asid a ɗaya gefen, sai haidirojin. Reshen da ke rataye ne kawai ya bambanta su. Ki kasa su uku: masu gudun ruwa, masu son ruwa marasa caji, da masu caji. Fara da masu caji, biyar ne kacal. Asfatik da gulutamik negatif, laisin da arjinin da histidin fozitif.

Dakta Binta: Ni shawarata ki karanta sikila kafin komai, don a nan za ki ga amfanin abin da Malam ya faɗa. Himogulobin shi ne furotin ɗin da ke ɗaukar iskar oksijin a cikin jan ƙwayar jini, ɗaya daga sarƙoƙinsa kuma, sarƙar beta, tana da amino asid 146. A mai sikila guda ɗaya tak aka sauya, na shida: balin ya maye gurbin gulutamik. Gulutamik yana da caji, yana zaune lafiya da ruwa a wajen jikin furotin. Balin kuwa mai gudun ruwa ne, don haka da iskar oksijin ta ragu sai ya nemi inda zai ɓuya, ya maƙale a jikin himogulobin na kusa. Wannan ya kama wancan, wancan ya kama na gaba, har su zama dogayen zaruruwa su lanƙwasa ƙwayar jinin, ta toshe ƙananan hanyoyin jini. Ciwon ƙashin da muke gani yaranmu suna kwana da shi a asibiti, daga nan ya samo asali. Linus Pauling da abokan aikinsa suka nuna a 1949 cewa cajin furotin ɗin ya bambanta, Vernon Ingram kuma ya gano wurin sauyin a Kambirij a 1956. Gwajin jinin da ake yi kafin aure ma a kan bambancin cajin nan ya dogara, ana sa lantarki a ga wanda ya fi gudu.

Yahuza, Kumasi: Dakta ta gama magana. In ƙara, a nan Gana, musamman arewa, muna yawan ganin masu jinin AC da SC, wato masu ɗauke da himogulobin C. Wurin dai na shidan ne, amma laisin ne ya shiga. Ki jera ukun a takarda ɗaya, A na asali da S na sikila da C, kin riƙe amino asid uku ke nan da halinsu.

Maman Ilham: 'Yata, je ki tsaya wurin mai awara. In ta zuba ruwan tsami a tafasasshen ruwan waken suya, cajin furotin ɗin yana raguwa, su daina korar juna, su dunƙule. Malamanku za su tambaye ki wannan da wani dogon suna. Sannan ki tuna hatsi yana da ƙarancin laisin, wake kuma na metiyonin, shi ya sa shinkafa da wake ke cike giɓin juna.

Sagir: Shiga shafin Protein Data Bank, kyauta ne. Rubuta 2HBS, himogulobin ɗin sikila zai fito ki juya shi yadda kike so, ko a waya.

Malam Habu: Sagir, kallon yana da kyau, amma a zauren jarrabawa biro za a ba ta. Kowace rana ta zana huɗu da hannunta ba ta kallon littafi. Gilaisin da furolin ta ware su daban: na farko reshensa haidirojin ne kawai, na biyu reshensa ya zagayo ya kama naitirojin ɗinsa, shi ya sa yake karya murɗin alfa, wato naɗin da sarƙar furotin ke yi.

Rukayya: Allah ya saka da alheri. Amma Malam, a wani littafin na ga histidin ba caji.

Malam Habu: Duka biyun daidai ne. pKa ɗin reshensa, wato ma'aunin tsami (pH) da rabinsa ke ɗaukar caji, kusan 6 ne, pH ɗin jini kuma 7.4, saboda haka mafi yawansa ba caji a jiki, sai wurin ya ƙara tsami ya karɓi furoton (haidirojin mai caji fozitif). Shi ya sa inzayim da yawa, wato furotin masu hanzarta ayyukan sinadarai a jiki, ke ajiye shi a wurin aikinsu. Zana shi iri biyun, ki turo mu duba.