Zan fara shimiyo (ƙarin ruwan maganin sankara): Yamai ko Kano, kuma a sanar a coci ko a yi shiru?

Maman Rahila: Salama gare ku ƴan'uwa. Farko dai ina gode wa Ubangiji, kullin da na ji a nonona na hagu an ɗebi tsoka an auna, sankara ce, amma likita ya ce ba ta bazu ba, kuma wannan kaɗai ya isa godiya. An ce shimiyo sau 6, kowane kwana 21. Abu biyu ne suka hana ni barci. Cibiyar sankara ta ƙasa tana Yamai, wajen kilomita 900 daga nan Damagaram, wuni cur cikin kar, wato babbar motar fasinja, amma ƙanwar maigidana na can. Kano kuwa kusa ce ta Matamai da Daura, sai dai ba ni da kowa. Na biyu, fasto yana so ya sanar ran Lahadi a yi baiko na musamman, maigida ya ce shi ba ya son a riƙa nuna mu da baki. Wanda ya taɓa bin hanyar nan don Allah ya faɗa min.

Ɗan Sabon Gari: Sannu mama. Ki je Galmi kawai, asibitin mishan ne, can aka yi wa babana aikin gwaiwa kuma kafin a taɓa shi sai da aka yi addu'a. Ki haɗa da zogale safe da yamma.

Anti Anfirmiya: Ɗana gwaiwa daban, wannan daban. Maman Rahila ki duba inda za ki kwanta bayan ƙarin ruwan, ba kusancin hanya ba. Tsakanin kwana 7 zuwa 14 sojojin jini suna sauka sosai, in zazzaɓi ya kai 38 ba a jiran safiya, likita ake tafiya ko tsakar dare ne. Kafin kowane zagaye sai an auna jini, in bai hau ba a ɗaga miki rana, to wa zai riƙe ki a garin da ba ki da kowa? In sun sa miki maganin shimiyo mai launin ja za ki ga fitsari ja kwana ɗaya biyu, kar ki tsorata. Sassaƙe da jiƙe-jiƙe kuma kar ki sha sai likitanki ya sani.

Baban Ishaku: Ni zancen sanarwa a coci ne ya taɓa ni. Matata haka aka yi mata. Aka sanar, aka yi kuka, aka tara jaka 60 a Lahadi ɗaya muka yi murna. Daga nan kowa ya zama likita. Wani da ke kiran kansa bawan Allah ya zo daga ƙetaren iyaka da man shafewa a kwalba ya ce ta yi azumin kwana 21 ta bar allura, wai shan magani rashin bangaskiya ne. Mace mai amai ka sa ta azumi! Ta tsallake zagaye biyu ban sani ba don ina kan hanyar Agadas da mota, ko da muka koma abin ya kai huhu. Wata huɗu ta yi. Waɗanda suka kawo shi gidana su ne sahun gaba ranar jana'iza, har yau in na gan su cikin mawaƙa sai in fita waje in tsaya. Ban bar Yesu ba amma ban iya zama benci ɗaya da su ba.

Tsohon Dattijo: Allah ya ta'azantar da kai ɗana. Amma kar laifin mutum ɗaya ya shafi ikilisiya duka. Luka da kansa likita ne, Bulus ya faɗa. Addu'a da allura ba kishiyoyi ba ne. Kuma shawara irin wannan ta dattawan ikilisiya ce, ba ta waya ba.

Baban Ishaku: Baba da girmanka, dattawa biyu suna zaune a tabarmata ranar da aka shafa man. Ba wanda ya ce uffan.

Mai Ɗankwali: Ni na yi zagaye shida na gama shekara uku ke nan, yabo ga Ubangiji. Wanda bai zauna kujerar nan da allura a hannu ba ya rage murya. Yaya ki tafi inda dangi suke. Kuɗi kuwa ni kowane zagaye da awon jini da maganin amai wajen jaka 85 yake cinye min, ban da kar. Gashi zai fara zuba sati biyu zuwa uku bayan na farko, ni askewa na yi tun kafin in gan shi kan matashi, kuma ya dawo. Sanarwa kuwa ni ƴan zumuntar mata kawai na faɗa wa, suka raba kwanaki, mai tuwo mai wanki mai kai yara lakkol. Maƙwabciyata Hajiya kunun gyaɗa take aiko min kullum da asuba, ita ce ma ta ɓoye mu a ɗakinta a Janairun 2015 da aka ƙona coci-coci.

Ɗan Sabon Gari: To mama ko ba komai kin huta da kuɗin kitso wata shida, a zuba su a baiko 😄

Mai Ɗankwali: Kai yaron nan Allah ya shirye ka, sai da na dara.

Malamin Lakkol: Jaka 85 ina? Ai sankarar mata kyauta ce a doka, kuma tun Satumba 2024 gwamnati ta rage kuɗin asibiti da rabi.

Maman Biyu: Malam, a takarda kenan. Inda muka yi wa yayata jinya in magani ya yanke ordinans ake miƙo maka ka tafi farmasi, akwai zagayen da muka kashe jaka 170. Na rantse ba ƙari.

Malamin Lakkol: To ke an cuce ki ne, ko ba ku nemi takardar da ta dace ba.

Maman Biyu: Kai ka taɓa jinyar wani? Abin da ya fi ci min rai ma ba wannan ba ne. Cocinmu akwai asusun marasa lafiya, shekara nawa muna zubawa, da muka je nema aka ce an ara an sayi kwanon rufi. Gini ya fi rai ne?

Tsohon Dattijo: Ƴata wannan maganar kwamiti ce, ba a nan ake yin ta ba. Ku da ba ku zuwa taron lissafi.

Maman Biyu: Baba taron da ake sa wa ƙarfe biyu na rana lokacin da mata ke kan murhu? A karanta lissafin bayan sujada kowa ya ji mana.

Baban Ishaku: Mu ma an ce akwai asusu. Ko dala ban gani ba.

Maman Rahila: Baban Ishaku na yi kuka da na karanta naka, ba zan tsallake ko ɗaya ba da yardar Ubangiji. Mai Ɗankwali ina neman lambarki. Amma har yanzu ba wanda ya yi nasa a Kano ne? Alhamis nake so in yanki tikiti.