Likita ya ce ƙanina ya zo gida na kwana uku, hankalina bai kwanta ba

Salamu alaikum. Admin don Allah a sakaya sunana. Ƙanina yana kwance a sashen lafiyar ƙwaƙwalwa tun bayan da ciwon damuwa ya kai shi ga yunƙurin kashe kansa. Yanzu likita ya ce za a ba shi izinin kwana uku a gida, a ga yadda zai yi kafin sallama. Hajiya tana so a haɗa da bikin ƙanwarmu a Tudun Wada. Mu karɓa ko mu ce a bar shi tukuna?

Anti Nas, Samaru: Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya ba shi lafiya. Ku karɓa, amma ba ranar biki ba. Gidan biki kowa na ganin wani ne ke kula da shi, ga masu tambayar “ina ka shiga?” Kwanakin izini da makonnin farko bayan sallama suna cikin lokutan da haɗarin ya fi yawa, don jiki ya samu ƙarfi alhali zuciya ba ta gama warkewa ba. Kafin ku fito, ku zauna da likita ya faɗa muku wanda za ku kira cikin dare. Maganinsa ya zauna a hannun mutum ɗaya, a riƙa ba shi yana sha a gabanku. Maganin ƙwari da na feshin gona da ragowar ƙwayoyin Hajiya duk a fitar da su daga gidan. Kada ya kwana shi kaɗai. In kin ga ya fara rabon kayansa, ko yana bin mutane da neman gafara, ko ya natsu kwatsam, ku mayar da shi a ranar.

Baban Khalifa: A dage da addu'a da ruƙiyya, Allah ne mai warkarwa.

Malam na Gyallesu: Haka ne Alhaji, amma a haɗa da magani. Kuma kada a tare yaro da wa'azin wuta, mara lafiya ne.

Mai tambaya: Anti, in na tambaye shi ko har yanzu yana wannan tunanin, ba zan tuna masa ba?

Anti Nas, Samaru: A'a, tambaya ba ta saka wa mutum tunanin. Ki tambaye shi kai tsaye, ku biyu, ki saurara ba faɗa. In ya ce eh, kada ki yi masa alkawarin rufa asiri, ki sanar da likitansa nan take.